Malamin Turanci Nagari a Idon Masu Shirin Shiga Aji

Duk shekara makarantun firamare da na sakandare na cikin birnin Katsina da kewayensa suna karɓar ɗaliban da ake turowa koyarwar gwaji, wadda kowa ya fi sani da TP. Jihar nan ba ta rasa wuraren horar da malamai ba, domin akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Katsina, akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-Ma, ga kuma tsangayoyin ilimi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Al-Qalam. Da yake na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, ni ake yawan damƙa wa waɗanda suka zo da wannan darasi, kuma al'adata ce in tambaye su, tun kafin su riƙe alli, wane ne malamin Turanci nagari a ganinsu. Amsar da mutum ya bayar takan nuna irin malamin da yake fatan ya zama, takan kuma nuna irin wanda ya taɓa faɗawa hannunsa.

Amsar farko kusan kullum ɗaya ce, a bakin maza da mata. Malami nagari shi ne mai haƙuri da sakin fuska, wanda ba ya muzanta yaro a gaban 'yan ajinsu don ya yi kuskure, wanda ya san sunayen ɗalibansa, wanda za ka iya tunkara da tambaya ba tare da gabanka ya faɗi ba. Da wuya ka ji wanda ya fara da sanin nahawu ko iya tsara darasi. Akwai abokan aikina da suke ganin wannan amsa alamar lalaci ce, wai yaran yanzu so suke a yi ta lallashinsu. Ni ban yarda da haka ba, domin na san inda amsar ta samo asali.

Akasarin waɗannan matasa sun fito ne daga makarantun da ake rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a cikin aji. Monita yana riƙe da 'yar takarda, da an ji ka yi banakula sunanka ya shiga, sakamakon kuwa tara ce ko bulala ko sharar fili. An kafa dokar ne don a tilasta wa yara yin Turanci, amma abin da ta haifar shi ne shiru, domin yaron da ba shi da Turancin da zai yi, aka kuma hana shi Hausar da yake da ita, babu abin da ya rage masa illa ya kama bakinsa har a kaɗa ƙararrawar tashi. Wanda kuma ya yi ta maza ya miƙe ya yi magana, ya karya jimla, aji ya kwashe da dariya, malami ya maimaita kuskuren da muryar ba'a, to, wannan yana iya shekara bai sake ɗaga hannu ba, sau da yawa ma kuskuren yakan zama sunan da za a riƙa tsokanarsa da shi har ya bar makarantar. Mu Katsinawa da ake yi wa kirari da cewa kunya gare mu ba tsoro ba, ya kamata mu fi kowa sanin nauyin wannan abu a zuciyar yaro, balle 'ya mace da aka rene ta a kan kada ta ɗaga murya a gaban manya. Saboda haka idan ɗalibin malanta ya ce haƙuri ne farkon siffofin malami, labarin kansa yake ba ka.

A darasin harshe kuwa maganar tasu ta fi ƙarfi fiye da a kowane darasi. Yaro yana iya koyon tarihi ko labarin ƙasa bakinsa a rufe, ya karanta, ya haddace, ya rubuta. Shi kuwa harshe ba ya zama a bakin mutum sai ya furta shi sau da yawa, ya yi kuskure, an gyara masa, ya sake. Babu uwar da ke dukan ɗanta don yana gwaranci lokacin da yake koyon Hausa, maimaita masa kalmar take yi daidai cikin fara'a har bakinsa ya nuna. Duk abin da ya sa yaro ya ji tsoron buɗe baki ya toshe babbar hanyar da Turanci zai bi ya shige shi.

Bayan hali, sai su ambaci iya Turancin kansa, sai dai idan ka bi su a hankali za ka gane cewa abin da suke nufi shi ne daɗin murya da manyan kalmomi. Malamin da yake burge su shi ne wanda idan ya buɗe baki sai ka rantse Bature ne, wanda yake zuba Turancin da sai an duba ƙamus. Wannan sha'awa tsohuwa ce a garin nan. A nan aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, kuma aikinta na asali shi ne horar da malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Balewa ya koyar a Midil ta Bauchi, daga baya kuma duniya ta san shi da zaƙin murya da tsabtar Turanci har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinare. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, daga can ta koma Zariya ta zama Barewa, tsohon gininta kuma yanzu gidan tarihi ne, amma sunan da ta bari na cewa ɗan Arewa yana iya Turanci tsantsa bai gushe ba.

Ina alfahari da wannan tarihi kamar kowane Bakatsine, amma nakan tunatar da 'yan TP cewa waɗancan mutane 'yan kaɗan ne da aka zaɓo daga larduna, suna kwana a makaranta, akasarin malamansu Turawa ne, kuma kowane ɗayansu yana samun damar yin magana a gyara masa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma duk wanda ya leƙa makarantun gwamnati na cikin gari ya san ana samun ajin da ya ninka haka, wani ma ya zarce. A irin wannan aji malamin da ya ƙware a zuba Turanci yana iya cinye minti 40 na darasi shi kaɗai, yara suna kallonsa cikin sha'awa, su fita suna yabonsa, alhali ko ɗaya daga cikinsu bai haɗa jimla guda ba. Ni a wurina ma'aunin malamin Turanci shi ne yawan yaran da suka yi magana ko suka rubuta wani abu na kansu kafin a tashi. Wajibi ne furucinsa ya fita sarai yadda za a fahimce shi a Legas ko a Landan, amma babu wata buƙatar ya riƙa maƙale murya yana magana ta hanci.

Inda suke rabuwa biyu shi ne batun yin Hausa a ajin Turanci. Wasu suna ganin duk malamin da ya saka Hausa ya gaza, wasu kuma cewa suke yi, Malam, idan ba a fassara wa yaran nan ba babu abin da suke ɗauka. Ba laifinsu ba ne da suka kasa tsayawa a kan magana ɗaya, tunda ita kanta hukuma ta sha sauyawa. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, daga baya a koma Turanci, abin da aka saba ɗauka a matsayin aji 1 zuwa 3. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita hakan ya game shekara 6 na firamare, a watan Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke tsarin da komawa ga Turanci tun daga farko. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara darussansu da Yarabanci har shekara 6, aka bar Turanci a matsayin darasi mai zaman kansa a hannun ƙwararrun malamai, kuma yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. Mutane sukan riƙe rabin farko na wannan labari su manta da na biyun, wato cewa an danƙa Turancin ga wanda ya san aikinsa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Abubakar Imam ɗan Kwalejin Katsina ne, ya koyar a Midil ta Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ƙwarewarsa a Hausa ta rage masa Turanci ba. Malamin da ya san Hausa a matsayin ilimi, ba a matsayin harshen hira kawai ba, ya san inda ɗalibinsa zai yi tuntuɓe tun kafin ya yi. Ya san Hausa tana da wasula 5, kowane da gajere da dogo, ga 'yan tagwai irin su ai da au, alhali Turancin da ake koyarwa yana da kusan 20, don haka kalmomin da suka bambanta a kunnen Bature sukan zama ɗaya a kunnen Bahaushe. Ya san ba mu rarrabe p da f a harshenmu, ba mu kuma da v. Ya san bakinmu ba ya son baƙaƙe su cunkushe a farkon kalma sai ya cusa wasali a tsakaninsu, shi ya sa muka sami burodi da buroshi da direba. Ya san kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, saboda haka yaron da ya kira mota da lamirin mace a Turanci ba shashanci ya yi ba, ƙa'idar harshensa ya bi. Wannan sani fifiko ne da malami Bahaushe yake da shi a kan Bature a ajin Hausawa, kuma abin takaici ne yadda ɗalibanmu ba su lissafa shi cikin siffofin malami nagari. Amma abin yana da iyaka. Malamin da zai karanta sakin layi ya fassara shi kaf, ya yi tambaya da Hausa, a amsa masa da Hausa, darasin Hausa ya yi a kan Turanci. Jimla ɗaya ta Hausa da za ta warware abin da zai ci minti 10 ana kewaye-kewaye ta halatta, daga nan sai a koma Turanci mai sauƙi, gajere, ana maimaitawa.

Kusan dukkansu suna ƙarawa da cewa malamin zamani dole ne ya iya aiki da waya da kwamfuta, suna kuma tuna yadda rufe makarantu a 2020 saboda annobar korona ya mayar da karatu rediyo da WhatsApp. Gaskiyarsu ce, domin waya ɗaya da ƙaramar lasifika sun isa yara su ji furucin kalma daga ƙamus ko su saurari gajeren labari da muryar da ba ta malaminsu ba, abin da mu ba mu samu ba. Abin da nake jan kunnensu a kai shi ne kada su bari manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masu shirin darasi su kwafe shi ba tare da sun auna shi da ajin da ke gabansu ba.

Akwai kuma masu ambaton tsoron Allah da riƙon amana, kuma wannan ba ƙaramar magana ba ce a darasin da makomar yaro ta rataya a wuyansa. Ba a shiga jami'a ba tare da kiredit a Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO ba, a JAMB kuma Turanci ne darasin da ya hau kan kowa ko me zai karanta. Wannan ne ya sa a idon wasu iyaye da ɗalibai malamin kirki shi ne wanda zai ba da amsa ranar jarrabawa, har ana kiran abin taimako. Na sha jin 'yan TP suna cewa su da kansu an yi masu irin wannan taimako, sun shiga kwaleji da kiredit a takarda, amma ranar da aka ce su rubuta wasiƙa su kaɗai suka san abin da suka ji, kuma ba za su yi wa ɗan kowa haka ba. Ina roƙon Allah ya tabbatar da su a kan wannan niyya, domin matsin da za su tarar ba kaɗan ba ne.

Abin da ba su cika faɗa ba, wanda kuma ya fi damuna, shi ne malami ya ci gaba da gina Turancin kansa. Takardar NCE, wadda ake yin shekara 3 ana nema, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, kuma daga 2022 zuwa 2025 mafi ƙarancin makin shiga kwalejojin ilimi da aka amince da shi a taron JAMB shi ne 100 cikin 400, alhali na jami'o'i 140 ne ko 150. Da yawa sun zo malanta ne bayan ƙofar da suka fi so ta rufe, kuma duk mun san yadda ake cewa a samo wa wane aiki ko da na koyarwa ne. Sukan zo da raunin da suka kwaso tun daga firamare, wanda shekara 3 na karatun gaba ba su isa su goge shi ba idan mutum bai tashi tsaye da kansa ba. Ba ina faɗin wannan don in ƙasƙanta su ba ne, domin a cikinsu akwai haziƙan da rashin gata ne kawai ya hana su abin da suka nema. Sai dai haƙuri ba ya gyara kuskuren da malami da kansa bai gan shi ba, kuma idan ya rubuta karyayyar jimla a allo, aji duka za su kwafe ta da kyakkyawan rubutu su haddace. Idan na tambaye su littafin Turanci na ƙarshe da suka karanta ba don jarrabawa ba, shiru yakan yi yawa. Babu wata gajeriyar hanya a nan face karatun littattafai da jaridu, da sauraron labarai, da rubuta ko shafi ɗaya ne kowane mako a ba wanda ya fi ka sani ya duba.

Sannan sai a shiga aji, a nan ne kuma ake gwada duk abin da aka faɗa. A makon farko ɗan TP yana shigowa da murmushi da kwalin da ya zana da kyau. Kafin wata ya cika ya gamu da hayaniya, da zafin rana a ƙarƙashin kwano, da yaran da ke zaune a ƙasa babu littafi, da manhaja mai tsawo da ake son a gama, ga wani tsohon malami yana gaya masa cewa yaran nan sai da bulala. Sai ka ga wanda ya zo yana maganar haƙuri ya yanko tsumagiya, ya juya wa aji baya yana cika allo da bayanin nahawu don a kwafa, domin kwafa ce kaɗai ke sa aji ya yi tsit. Ya koma malamin da ya ce ba zai taɓa zama ba, kuma ba don ra'ayinsa na farko ƙarya ne ba, sai don ba a ba shi dabarar da za ta riƙe masa wannan ra'ayi ba.

Haƙuri a ajin Turanci aiki ne da ake koyo kamar yadda ake koyon rubutu a allo, kuma yana da matakai. Kada a tsayar da yaro ɗaya a gaban kowa ya faɗi sabuwar jimla sai aji duka sun furta ta tare, sannan layi-layi, sannan biyu-biyu, ta yadda lokacin da aka zo kansa bakinsa ya riga ya saba da ita. Idan aka haɗa yara biyu-biyu suka yi minti 3 suna tambayar juna, rabin aji ne ke magana a lokaci ɗaya maimakon mutum guda, kuma hayaniyar da za ta tashi ta aiki ce, sai dai a sanar da shugaban makaranta tukuna don kada ya ɗauka aji ya ƙwace. Idan yaro ya yi kuskure, malami ya maimaita jimlar daidai kamar yana amsa masa, ya wuce, kurakuran da suka yawaita kuma ya tara su ya kawo allo a ƙarshen darasi ba tare da ambaton sunan kowa ba. Dokar hana dariya a kafa ta tun ranar farko, a kuma tsaya a kanta fiye da yadda aka taɓa tsayawa a kan dokar banakula. A wajen rubutu, jimla 5 da malami zai iya dubawa sun fi shafi biyu da za su kwana a ofis ba a taɓa ba, kuma gara a bi nau'in kuskure ɗaya a kowane mako da a cika littafin yaro da jan biro har ya rasa inda zai fara. Abin da za a yi magana a kai ma yana da tasiri, domin yaro ya fi samun abin faɗa a kan hawan Sallah ko Hasumiyar Gobarau ko rijiyar Kusugu ta Daura fiye da a kan ƙasar da bai taɓa gani ba. Hatta sashen furuci na jarrabawar WAEC, wanda ake amsa shi ta hanyar zaɓen amsa, malami nagari ba zai tsaya ga haddatar da alamomin sauti ba, sai ya sa yaran sun furta kalmomin da bakinsu.

Matsalar ita ce ba wannan ake aunawa ba. Malamin da ke zuwa daga kwaleji duba ɗan TP yakan fi mayar da hankali ga littafin shirin darasi da kayan koyarwa da shiga da yadda aka raba allo, waɗanda duk suna da amfaninsu. Jarrabawar da hukumar rajistar malamai ta TRCN, wadda aka kafa a 1993, ta fara gudanarwa a 2017, ita ma a kwamfuta ake yin ta ana zaɓen amsa. Da za a ƙara layi ɗaya a takardar duba 'yan TP na Turanci, inda za a rubuta yara nawa suka yi magana da minti nawa malami ya yi shiru yana sauraro, da an ga sauyi tun a zango ɗaya, domin ɗalibi yana bin inda maki yake.

Sauran aikin kuma namu ne, mu tsofaffin malamai da ake kawo su hannunmu. Da yawa daga cikinmu suna ɗaukar zuwan 'yan TP a matsayin hutu, su miƙa masu aji da rajista su koma ƙarƙashin bishiya har zango ya ƙare. Abin da ya kamata shi ne mu koyar a gabansu su gani kafin su fara, mu zauna a bayan aji lokacin da suke koyarwa, mu duba abin da za su rubuta a allo tun kafin su shiga, bayan darasi kuma mu keɓe da su mu nuna masu inda yara suka yi shiru da dalilin shirun, da abin da za su gwada gobe.